Baƙaƙen Duwatsun Orval Jelinek

Shekara arba'in da ɗaya Orval Jelinek yana tsaron ƙofar zauren 'Yan'uwa Manoma a garinmu na Kolina. Ginin jan bulo ne, kakanninmu suka ɗora shi a saman shagon sayar da iri, matakalarsa ashirin da biyu, kowace da irin kukanta. Shi ke shara, shi ke hura murhu, shi ke shirya akwatin zaɓe. Mutumin kirki ne, amma wajen riƙo, kai, Allah ya kiyaye!

Dokar ƙungiya ta ce in 'yan'uwa suka gaza bakwai, a rufe zaure a sayar. Da aka binne tsoho Leland, saura shida. Aka yi cigiya har aka gaji, mutum ɗaya tak ya nemi shiga, Duane Pokorny, wanda bijiminsa ya cinye wa Orval kabewar gasa ana gobe baje koli, shekara talatin da suka wuce.

Zaɓen kuwa kowa ya san yadda yake. Ka zura hannu a akwati ba mai gani, ka ɗauki farin dutse ko baƙi daga ciki ka jefa. Baƙi ɗaya ya isa ya kori mutum.

Ranar Lahadi da safe Orval ya zube wa matarsa Marlis wani ƙunshi a kan tebur.

"Ɓoye mini waɗannan. Ko na yi kuka kada ki ba ni."

Ta kwance, ta ga baƙaƙen duwatsun akwati kaf. "Yau kuma sata ka fara, tsoho?"

"Na san hannuna ne. Zuciyata na son zauren nan, amma hannun nan bai manta kabewa ba."

"Kabewar da ko ta uku ba za ta zo ba?"

"Marlis, kada ki soma!"

Da la'asar aka zauna, don yanzu ba mai iya tuƙi in rana ta faɗi. Da layi ya zo kan Orval, wallahi sai da ya laluba kusurwa huɗu na akwatin ko ya manta guda. Babu. Ya ja tsaki ya jefa fari. Aka buɗe, fari shida.

Sauran biyar ɗin duk sun ji akwatin ba baƙi, amma kowa ya jefa farinsa ya wuce.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa sau uku, yadda al'ada ta ce sabon ɗan'uwa ya yi. Orval ya buɗe yana shan kunu. Ga Duane yana haki, hula a hannu, ya tsufa ƙwarai. Tun rasuwar matarsa bara shi kaɗai yake cin abinci.

"Ban zaci za ka buɗe ba, Orval."

Tausayi ya kama Orval, abin har ya ba shi haushi.

"Goge ƙafarka, ɗan'uwa," ya ce. "Ni nake sharar nan."