Yatsun Inna

Aikin da na samu a Funtuwa bayan na gama makaranta, a gida cewa suke yi taɓa hannun mutane nake yi ana biya na. Ba su yi ƙarya ba. Wani malamin jami'a ne ke bincike a kan yadda fata ke jin taɓawa, kuma da yake ba magidancin da zai bar namiji ya riƙe hannun matarsa, sai ya ɗauke ni in riƙa shiga gidaje. Kayan aikina wani ɗan ƙarfe ne mai tsini biyu, kamar kamfas ɗin 'yan makaranta. Sai in ɗaure wa mace ido da ɗankwalinta, in ɗora mata shi a yatsa, ta ce ɗaya ta ji ko biyu. Malam ya ja mini kunne cewa jefi-jefi in ce "yanzu fa?" ba tare da na taɓa ba, domin matanmu, don kada su ba baƙuwa kunya, sai su amsa ko ba su ji komai ba.

Wata Juma'a na je gida Danja da ƙarfen a jaka. Inna, mahaifiyata, waina take soyawa a ƙofar gida, kuma duk unguwa an san ta da juya waina da yatsa da ɗaukar garwashi da hannu. Har alfahari muke yi da abin. Bayan la'asar na tsokane ta, na ce yau sai na gwada hannun nan da ba ya jin wuta. Tana dariya ta miƙo, na ɗaure mata ido.

Na ce "yanzu fa?" alhali ban taɓa ta ba. Ta ce biyu. Na yi dariya. Sai na ɗora ƙarfen a babban yatsanta ban ce komai ba, na danna har fatar ta lotsa. Inna na zaune tana jira. Na juya hannun a haske, na ga tabon ƙuna a kan tabo, da wani sabon bororo da ba ta ma san da shi ba, da wani farin shaci a wuyan hannu.

Nan take na kira Malam a waya. Ya ce shi ba likita ba ne, yana iya zama ciwon suga, yana iya zama wani abin, amma a kai ta asibiti cikin satin nan, domin jijiyar da ta mutu ba ta cika dawowa ba, sai dai a ceci saura.

Da na faɗa wa Inna, ashe ta san sunan wani abin. Kuturta. Ta ce ranar da aka gan ta a wancan ɓangaren na asibiti, ba mai sake cin wainarta, kuma dangin mai neman ƙanwata za su janye. Na roƙa, na yi kuka, na yi faɗa irin wanda ban taɓa yi mata ba. Na ce mu tafi Malumfashi inda ba a san mu ba. Ta ce ina ne ba a san mutumin Danja ba? Ta ce ƙarfena ne ya lalace. Na rasa inda zan sa kaina, ga shi washegari ma tanda za ta ɗora.

Da safe kafin ta hura wuta, ita da kanta ta kira ni.

"Ke, zo ki sake. In na ci, ki rabu da ni. In na faɗi, zan bi ki."

Ta ɗaure idonta tamau, ta shimfiɗa hannu a tabarma. Ban san me zan roƙa ba, ta ci ko ta faɗi. Na ajiye ƙarfen gefe, na ɗora yatsuna a kan nata, na bar su a nan ina shafawa a hankali.

"To ki fara mana," in ji ta. "Me kike jira?"