Ramin Geron Saude a Gwange

Saude ta iso Maiduguri a bayan babbar motar gyaɗa a shekarar 1953, tare da mijinta Nasidi, baduku daga Kano, da 'ya'yansu biyu. Suka samu ɗakin ciyawa a Gwange, gida mai dangar zana. Nasidi na ɗinka takalma da kube a bakin kasuwa, abin da yake samu kuwa na cin yau ne kawai.

Saude mace ce mai yawan tambaya. In ta ga an ɗaure akuya ta wata hanya daban, sai ta tsaya ta ji dalili. Nasidi kan ce mata wata rana za ta tambayi liman abin da ya sa carbi yake zagaye.

Daminarsu ta farko ta ba su wuya. Ruwa ya ɓata hanya, motoci suka daina shigowa, hatsi ya yi tsada. Sai da ta kai suna kwana da kunu tsararo. Amma Saude ta lura da wani abu. Maƙwabciyarta Ya Zainaba, tsohuwa Babarbariya da ba ta da rumbu ko ɗaya, kullum ana jin daka a gidanta.

Wata safiya ta leƙa ta dangar, ta tarar da tsohuwar durƙushe a tsakar gida tana ɗebo gero daga cikin ƙasa.

"Ya Zainaba, aljanu ne ke ba ki?"

Tsohuwar ta yi dariya. "Ku Afuno," ta ce, haka Barebari ke kiran Hausawa, "kuna rataye abincinku a sama kowa na gani. Mu binnewa muke yi. Shigo ki gani, 'yata."

Rami ne mai ƙaramin baki da faɗin ciki kamar tulu. Geron ya shekara biyu a ciki, ba ƙwaro, ba gara. Saude ta tsuguna ta yi ta tambaya har rana ta take. Me ya hana shi tsirowa? Ina ɓera? Ya Zainaba ta amsa wasu, wasu kuma ta ce haka ta taso ta gani.

Da kaka ta yi, Saude ta fara tara nata. Duk sanda za ta yi tuwo sai ta rage tafi ɗaya ta zuba a tukunya. Ta riƙa yi wa mutane sussuka ana biyanta da hatsi. Ta haƙa raminta da kanta a bayan ɗaki, ta zuba, ta rufe. Bayan watanni ta buɗe, wani wari ya buge ta. Geron ya yi baƙi, ya dunƙule. Ta zauna a bakin ramin ta yi kuka.

Nasidi ya ce, "To, a bar wa masu abu abinsu."

"A'a Malam, sai na san abin da na yi ba daidai ba."

Ta kirawo Ya Zainaba. Tsohuwar ta dubi wurin, ta nuna inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, taku kaɗan daga ramin, ta kama baki. Ta ce a sake haƙawa a tudun tsakar gida, a ƙona kara a ciki har bangon ya bushe, a shimfiɗa ƙaiƙayi da tsohuwar zana, a shanya geron sai ya yi ƙaras a haƙori. Saude ta ƙara nata: ganyen dogon yaro da toka, don ta lura ƙwari ba sa son su. Wannan karon hatsin ya zauna lafiya.

Daga nan abin ya zame mata jiki. Ta shanya kuɓewa da yakuwa da kauɗar tumatir lokacin da suke araha. Ta koyi adana bandar kifin Chadi a tukunya mai murfin laka. Ta sayi 'yar akuya, ta haifa mata biyu. Randa ɗaya ta ware, kullum cike da ruwa, ba mai taɓawa. Matan unguwa na yi mata tsiya, suna cewa Saude na shirin yaƙin da ba a yi shelarsa ba.

A bazarar 1959, bayan azahar, wuta ta tashi daga madafar wani gida. Iska na kaɗawa, zana kuwa ta bushe ƙayau. Saude ta jiƙa zannuwa a randar nan, ta lulluɓe yara, ta kwance awaki, ta koma ta jawo Ya Zainaba wadda ƙafa ta riga ta yi wa nauyi. Kafin la'asar layinsu duka ya zama toka. Ba a rasa rai ba, amma fatun Nasidi da kayan aikinsa sun tafi, haka buhunan hatsin maƙwabta.

Washegari Saude ta share tokar tsakar gida, ta kafa fartanya. Ita ma ba ta san abin da wuta ke yi wa rami ba. Mutane suka kewaye ta. Ƙasar saman da ɗumi, ta ƙasan da sanyi. Ta zura hannu ta fito da gero, ta kai hanci, ta tauna.

"Yaya?" in ji Nasidi.

"Ɗan ƙaurin hayaƙi ne kawai. Malam, nemo mana aron turmi."

Da ramin Saude da na Ya Zainaba aka ciyar da layin har aka sake kafa ɗakuna. Nasidi ya koma aiki da aron basilla da wuƙa, bai tashi da neman abin da za a ci ba.

Kafin damina, Saude ta taya mata da yawa haƙa nasu. Ba ta karɓar komai, sai dai duk wadda ta buɗe raminta ta kira ta ta gani. Ta haka ta gano cewa masakwa, dawar rani ta Barno, ta fi gero jure zaman ƙasa, kuma ramin da aka cika fal ya fi wanda aka bari rabi.

Nasidi ya rasu a 1967. 'Yan'uwa suka aiko daga Kano ta koma gida, ta ce ta gode, amma ta zauna. A lokacin tana gwada binne wake, kuma sau biyu ke nan yana lalacewa.