Tafiyata Maraɗi Neman Shagon da Na Ɗauka Ya Faɗa Rijiya

Talata, Dakoro

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba maigidana ya tada babur. Na hau baya, Habu ɗan wata takwas yana goye, ƙullin cuku na tsarabar Goggona ta Maraɗi yana bisa cinyata. Ban taɓa zuwa Maraɗi ni kaɗai ba, shi kuma ba ya iya barin gona ana tsakar yankan gero.

Ga waɗanda ba su ji mafarin ba: shekara biyu ke nan ina saida cukun matan Korahane ta wani shafi na intanet. Rabi ƙanwar maigidana ce ta buɗe mini shago a cikinshi kafin a kai ta gidanta Arlit. Ina ɗaukar hoto in sa, masu so su aiko komand, wato odar kaya, in danna maɓallin yarda, mu sa kaya a mota. Satin da ya wuce wata Hajiya mai kanti a Yamai ta aiko komand irin wadda ba mu taɓa samu ba. Shafin ya ba ni zuwa Alhamis da azahar in yarda, in ba haka ba ya miƙa ta ga wasu masu saidawa. Ban danna ba, na ce sai na je Korahane na ga cukun da idona. Na je, na gani, mata bakwai sun shanya har bisa rumbu. Garin komowa na duƙa bakin rijiya in karɓi ruwa a guga, waya ta sulɓe daga zane. Kun san rijiyoyinmu. Ko ƙarar faɗawarta ban ji ba.

Lambar wayar da sunan Rabi take, kalmar sirri kuma ta ce ta manta. Na aika ma masu shafin saƙon murya da wayar maigidana, sunka ce in zo da kaina da katin dantite, wato na shaidar ɗan ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Uwani, ɗiyata ta fari, shekararta huɗu. Tari take tun ranar Asabar. Na bar ta wurin Inna, uwar mijina, wadda sunanta anka sa mata. Na so in ce a riƙa shafa mata man zafi, a hana ta ruwan randa. Amma ɗiyar fari ce, kuma gaban Inna. Sai na ce, “Inna, a kula da kaji.”

“Kaji za su samu kulawa,” in ji Inna. “Har mai tarin.”

Dakoro zuwa Kornaka

A tasha munka samu motar hiyas saura mutum uku ta cika. Jaka biyu da rabi kuɗin mota. Sai ƙarfe shida da ashirin munka ɗaga. Direban dattijo ne, Maikano ake ce mishi, ya ba ni wurin taga saboda goyo.

Duk hanya damman gero ne a tsaye cikin gonaki, amalanken shanu na jidar su. Ni kuwa tambaya ɗaya nake juyawa: in shagon cikin waya yake, wayar kuma tana ƙasan rijiya, me za su fiddo mini a Maraɗi? Na tambayi wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke kusa da ni. Ya ce shagon ba cikin waya yake ba, yana sama.

“Sama ina, Mushe?” na ce, yadda muke kiran malaman lakwal.

“Haka dai suke cewa. Cikin girgije.”

Maikano ya leƙa gilashi ya dubi sama. “To, malama, kin makara. Damina ta wuce, ba girgije ko ɗaya.”

Anka yi dariya, ni ma na yi.

Ƙarfe takwas saura munka iso Kornaka, kilomet hamsin da wani abu in ji Maikano. Ya tsaya a ɗora buhunan wake. Na sayi ƙosai na dala ashirin, na ba Habu nono bayan wata rumfa. Wata yarinya sa'ar Uwani ta wuce tana jan gwangwani da zare, sai na kasa cinye ƙosan.

Shinge, Tibiri, Maraɗi

Kafin mu hau babban titi akwai shingen jandarma. Kowa ya fiddo katinshi. Nawa yana cikin leda tare da karne, ɗan littafin rigakafin yara, sai da na zazzage jakar duka. Jandarman ya dubi hoton, ya dube ni, ya shinshina ƙullin.

“Cukun Dakoro ne?”

“Na Korahane ne.”

“Ya fi ma. Allah ya kiyaye hanya.”

Mun wuce Tibiri ƙarfe goma da rabi, munka shiga Maraɗi sha ɗaya ta gota. Maikano ya ce daga Dakoro kilomet ɗari da ashirin da ƴan kai ne, bayana kuwa ya ce sun fi haka. Baburan garin sun ba ni tsoro, sai na ɗauki adaidaita zuwa gidan Goggo Hassu, yayar mahaifina, mai saida fura a zaurenta.

“Ke ce haka kinka rame?” Da wannan ta tare ni. “Kawo angon nawa in gani.” Ta kwance Habu, ta ɗaga shi sama ta ce wannan miji bai da ko haƙorin tauna goro. Ta dama mini fura, da marece ta yi tuwon gero miyar kuka. Ta ce gobe ƙafarta ƙafata, don ƴan boko in sun ga baƙauya sai su yi ta zuba mata Faransanci.

Laraba, a biro

Ƙarfe tara munka isa ofishin masu shafin. Na ɗauka zan ga babban kanti mai kantoci da hotunan kaya. Ɗaki biyu ne bisa wani shagon taya, da fanka, da mutum huɗu kowa gaban ordinater, wato kwamfuta. Wata matashiya mai suna Zali ta tarbe mu da Hausa tsantsa, ta ba mu kujeru da ruwan sanyi. Goggo ta ɗan ji haushin rashin Faransancin.

A bango akwai babban allo kamar telebijin, an raba shi gida uku, kowane gida cike da ƙananan katuna masu launi. Na tambaya. Zali ta ce gidan farko aikin da ke jira ne, na biyu wanda ake yi, na uku wanda anka gama. Kowa a cikinsu yana ganin allon daga inda yake, har abokin aikinsu na Damagaram. Ta taɓa wani kati ja, sai ga muryata ta cika ɗakin: “Salamu alaikum, don Allah shagona ne ya faɗa rijiya…” Na rufe fuska da mayafi. Wani mai gemu da ake kira Lawali ya ce kada in ji komai, tun jiya katina ne a saman kowa. Ya ja shi da yatsa daga gidan farko zuwa na biyu, ya rubuta sunan Zali a jiki.

Na ce mishi, “Malam, gaskiya ne shagon yana cikin girgije?”

Ya ce suna ne kawai. Wasu manyan na'urori ne a wata ƙasa mai nisa, suna hayar wuri a cikinsu kamar yadda ake hayar rumfa a kasuwa. Wayata ƙofa ce kurum. Ƙofa ta faɗa rijiya, rumfa tana nan. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa ya ga rumfar. Ya ce a'a. Wannan ya ba ni mamaki fiye da girgijen.

Zali ta duba katina na dantite, ta gwada da fuskata, ta buɗe wani shafi. Ta ce saura abu ɗaya. Ranar da anka buɗe shagon an aje tambayar sirri, sai an amsa ta daidai za a ɗaura shi ga sabuwar lamba. Ta karanta tana kallon allo, yatsunta bisa maɓallai:

“Mene ne sunan ɗanki ko ɗiyarki ta fari?”

Rabi ce ta zaɓi wagga tambaya, kuma na san tana dariya lokacin da ta zaɓa.

“Uwani,” in ji Goggo.

Kafin in ɗaga hannu Zali ta rubuta ta danna. Allon ya yi ja.

“Ya ƙi,” ta ce. “Saura gwaji biyu. In sun ƙare, zai kulle kwana uku, mu kanmu ba mu iya buɗe shi.”

Kwana uku daga Laraba Asabar ke nan. Na ga cukun nan bisa rumbu, na ga matan nan bakwai da sunka hana ƴaƴansu madara sati guda don a cika komand.

“Ba sunan yanka ba ne,” na ce a hankali.

“To mene ne na yankan?” Goggo ta juyo gare ni. “Tsaya, ai na je sunan. Sunan uwar mijinki ne. Ita kuma Inna kowa ke ce mata. Hadiza? A'a. Ko Mariyama ce? Rubuta Mariyama mu gani.”

“Goggo, ba a gwadawa,” in ji Zali. Ta janye hannunta daga maɓallai. Sai a lokacin ta dube ni sosai, ta ga yadda nake murza bakin zane. “Yaya, ta fari ce, kuma takwarar surukarki?”

Na ɗaga kai.

“Ni ma ta fari ce. Har yau mahaifiyata ‘ke’ take ce mini. Ranar da na ci jarrabawa ma ‘waccan ta ci’ ta ce.”

Lawali ya ce shi fa a ganinshi ba su taɓa samun sirri mai ƙarfi kamar wanga ba, tunda mai shi ma ba ta iya faɗa. Zali ta ce ya je ya sayo ma baƙi lemu. Ya tashi ya fita, sauran biyun sunka sa abin kunne.

Ta turo mini faifan maɓallan. Ta nuna mini wani ɗan hoton ido a gefen akwatin rubutu, ta danna shi, layi ya gitta a kan idon. Ta ce yanzu duk harafin da na taɓa, ɗigo zai fito a madadinshi, ko ita ba za ta gani ba.

Na dubi Goggo. “Ya halatta?”

Goggo ta gyara goyon Habu, ta yanke hukunci kamar alƙali. “Baki anka hana. Ban taɓa jin an ce yatsa ba.” Ta juya fuskarta wajen taga.

Aji huɗu na yi a lakwal, rubutu bai gagare ni ba. Amma wanga suna ban taɓa faɗa ba, ban taɓa rubutawa ba. Ranar suna da anka yi shelarshi lulluɓe nake cikin ɗaki. A asibiti in an kira shi, tashi kawai nake kamar ba da ni ake ba. Na fiddo karnen rigakafi na aje kusa, na riƙa neman haruffa ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda. Ɗigo, ɗigo, ɗigo. Ashe ita ma na'urar ta san kunya. Da na kai harafin ƙarshe sai na ji tarin nan a kunnena kamar tana bayana.

Na danna. Allon ya yi kore. Ga hotunan cukuna, har wanda na ɗauka bisa tabarmar Inna. Ga komand ɗin Hajiya tana jira. Ƙarfe goma da minti arba'in na danna yarda.

Lawali ya dawo da lemu, ya ce ni zan ja katina zuwa gida na uku. Na ja. Zali ta raka ni munka yanki sabuwar lamba da sunana, ta sa na zaɓi kalmar sirri da kaina, ta ce kada in faɗa ma kowa ko da maigida ne. Waya ƴar hannu Goggo ta ba ni, tsohuwar ta ɗanta. Ta tambaye ni, ita Zali, ko a canza tambayar. Na ce a bar ta.

Kiran farko da na yi gida ne. “Inna, ya kaji?”

“Sun ci, sun sha. Mai tarin ma da sauƙi, tana nan tana neman uwar kaji.”

Alhamis, komawa

Ƙarfe bakwai na safe na hau wata hiyas, ba ta Maikano ba. Taya ta yi faci bayan Kornaka, munka zauna awa guda ƙarƙashin gawo, na yi ta buɗe shagon ina rufewa don in tabbata yana nan. Rezon waya na zuwa yana tafiya, shagon bai motsa ba. Ƙarfe ɗaya da rabi munka shiga Dakoro. Maigidana yana tasha, ya ce ya riga ya aika Korahane a ɗaure kaya.

Da na shiga gida Uwani ta sheƙo ta rungume ƙafafuna. Inna na zaune tana kallo, sai na ce, “Ke, matsa, za ki kada ni.” Na miƙa ma Inna ƴan takalman roba ja da na sayo, na ce a ba yaran gida. Inna ta juya su ta ce oho, yaran gida duka ƙafarsu ɗaya ce ashe. Ta ɗauki Habu ta fita wurin maƙwabta, kuma ta daɗe ba ta dawo ba.

Na kwantar da yarinyar bisa cinyata, na lakato man zafi ina shafa mata a baya. Ban san lokacin da yatsana ya fara bin haruffan nan ba, ɗaya bayan ɗaya, daga kafaɗa zuwa kafaɗa.

“Cakulkuli kike mini,” ta ce. “Me kike zanawa?”

“Kwanta, ke. Magani ne.”

Na gode Allah da ya kai ni ya maido ni lafiya. Na gode ma Goggo Hassu da furarta da fatawarta, da Zali da ta rufe idon nan, da Inna da ta kula da kaji. Matan Korahane, cukunku ya hau mota ranar Juma'a da safe.