Baba Saje Bai Taɓa Kiran Sunana Ba

Ranar wata Laraba ce cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu, muna langa a bayan makaranta na kayar da wani yaro mai suna Tanko. Ya tashi yana kakkaɓe taɓo, ya ce in daina ɗaga kai, ai kowa ya san Saje ba ubana ba ne, saboda ni ma ake ce masa Hankaka. Ban jira an tashi ba, na bar jakata na nufi gida a guje. Na tarar da Inna, matar Baba, tana surfe. Ta jingine taɓarya ta ce gaskiya ne. Mahaifina abokin Baba ne a soja, ya rasu a bakin daga, mahaifiyata ta bi shi ina jinjiri, Baba ya ɗauko ni tun shi da Inna ba su sami haihuwa ba.

Daga ranar na kasa sukuni, na sa wa Baba ido. Tsohon soja ne da bai san zama ba. Kunyoyin geronsa sai sun miƙe kamar an ja zare, awaki ma da lokacin fitarsu, mu kuma da sassafe a jere muke, kowa da fartanya a kafaɗa. In ya ga mutum ya raɓa da rumbu sai ya ce, "Soja ba ya jingina." Ina ƙaunar mutumin nan ƙwarai, ina kwaikwayon tafiyarsa har Inna ta gaji da yi mini dariya. Amma sai na lura ƙannena, Garba da Ladidi, yana kiransu da suna, yana ɗora su a wuya, yana tsokanarsu. Ni kuwa "wancan yaron" ne. In zai aike ni, Inna yake gaya wa, alhali ina tsaye a gabansa. Na yi noma har hannuna ya yi kanta, na zo na ɗaya a aji, na dinga gilmawa ta zaure ba gaira ba dalili, duk don ya ce Habu ko sau ɗaya. Na girma ina tambayar kaina ko ɗa nake a gidan nan ko amana.

Yanzu gadi nake a ƙofar wani kanti a unguwar Al Muntazah da ke Doha, ƙasar Qatar. Bara Baba ya rasu, aka kai shi makwanci tun kafil, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, bai ko duba maganar hutuna ba. Da na kira Inna, muka yi kukanmu, sai na kasa riƙe abin, na tambaye ta me na yi wa Baba. Ta yi dariya cikin hawaye.

"Kai Habu, har ka yi gemu ba ka yi wayo ba? Wa ka taɓa ji ya kira sunan ɗansa na fari?"

Na san kunyar ɗan fari sarai, na gan ta a gidajen unguwarmu kaf, amma ban taɓa zaton ta hau kaina ba, tunda ba shi ya haife ni ba. A nan Doha sunana a ƙirjin rigata yake, Balarabe da Ba'indiye kowa na karya shi yadda ya ga dama, ina amsawa. Wuni nake ina kai-komo a bakin ƙofa, zuciyata na can zauren gidanmu, ga magana cike da bakina, babu wanda zan gaya wa. Ashe kullum Baba yana gaya mini ni ɗansa ne, ni ne ban ji ba.