Waƙar Rainon Inna a Tamanrasset

Damagaram zuwa Agadas

Da sunan Allah na fito daga gida ranar Litinin, ƙarfe huɗu da rabi na asuba. Na yi salla a masallacin tasha, kar, wato babbar motar fasinja, ta ɗaga ƙarfe biyar da kwata. Abin da ya tashe ni shi ne kiran Sa'idu, ɗan yayata Hadiza. A Tamanrasset suke zaune, can mijinta ya rasu. Sa'idu makaɗin jita ne, yana so ya ɗauki waƙar rainon da mahaifiyarmu Inna take yi, ya sa mata kiɗan zamani. Ni kuwa na rubuta baitocinta da ajami daga bakin Inna kafin ta cika. Na ce in ɗauki hoton takardun in tura masa, ya ce ko ya gani ba zai iya karantawa ba, kuma Yaya ta ce ba ta shiga ɗakin ɗaukar murya sai ina wurin. Yaya yake ce wa uwarsa kamar yadda ya ji muna faɗa, domin ɗan fari ne, a hannun Inna ya tashi.

Mun wuce Tanut da hantsi. Sau uku jandarma suka tsayar da mu suka duba takardu. Kilomita wajen ɗari huɗu da hamsin ne, amma hanya ta mutu a wurare da dama, sai magariba muka shiga Agadas. Na sauka gidan wani abokin karatuna, aka kawo tuwon gero da miyar kuka.

Arlit, Asamaka, In Gezam

Talata na kwana Arlit. Laraba ƙarfe shida muka hau Toyota buɗaɗɗiya, mu goma sha tara da jarkokin ruwa. Daga nan babu kwalta, sai sawun motocin da suka riga mu. Direba ya ga na rungume gafakata ban yarda an ɗaure ta da kaya ba, ya ce, "Malam, asiri ne a ciki?" Na ce waƙar lallashin jarirai ce. Ya yi ta dariya, ya ce in karanta wa motarsa ko za ta daina kuka. Azahar ta same mu Asamaka, muka yi taimama don mu bar ruwan ga sha. Aikin dowan, wato kwastan, da na fasfo ya cinye sauran yinin, sai In Gezam muka kwana. Alhamis muka kama kwalta, kilomita wajen ɗari huɗu, da la'asar duwatsun Hoggar suka bayyana.

Tamanrasset

Gidansu yana unguwar Gata'al Wad, ɗaki biyu da ƴar rumfa inda Yaya ke sayar da kuka da yaji ga mutanenmu masu aikin gini. Shekara goma sha ɗaya rabona da ita. Ta dube ni ta ce gemun nan wa ya ba ni izinin in riga ta furfura. Muka ci taliya da naman raƙumi, tana tambayar waɗanda suka rasu ɗaya bayan ɗaya, muna yi musu addu'a.

Bayan sallar Juma'a, a hanyar komawa gida, Sa'idu ya faɗa mini abin da ke ransa. A waƙar akwai wurin da mai raino ke sa sunan yaron da take goyo. Inna ta sha sa nasa. Yaya kuwa ta sa na ƙannensa duka, amma shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. "Yaron nan" take cewa, ko ta aika a kira shi. Ya ce, "Kawu, shekarata talatin da huɗu. Sau ɗaya nake so in ji shi a bakinta, in ajiye. Kai take jin maganarka." Na ce zan gwada, amma ban yi masa alkawari ba.

Asabar, ɗakin ɗaukar murya

Ƙarfe tara muka je. Ɗaki ne ƙarami da aka lulluɓe bangonsa da barguna, mai shi wani Ba'abzine ne, Ilyas, Hausarsa ta Agadas. Na karanta baiti goma sha ɗaya, Sa'idu ya zaɓi biyar, ya ce waƙar zamani ba ta wuce minti huɗu. Na roƙi a bar baitin da ake yi wa yaro fatan karatu, aka bari. Sai ya kunna kiɗan da ya shirya, jita biyu da ganga da tafi. Yaya ta saurara har ƙarshe, ta ce wa Ilyas ya faɗa wa yaron nan, da wannan saurin ko jikan aljani ba ya barci. Sa'idu na zaune kusa da ita. Aka rage sauri, aka cire tafi. Ta ce har yanzu ganga na gaba da ita, don Inna tana jan ƙarshen kowane baiti daidai da jijjigar goyo. Ilyas ya ce to ta fara yi ita kaɗai, kiɗa ya biyo ta daga baya. Haka aka yi.

Muryarta ta tsufa, amma da ta fara sai na sunkuyar da kai, don Inna na ji. Da ta zo wurin suna ta rufe baki ta ja sautin ta hanci, ta wuce. Ilyas ya zaci ta manta, ya ce a sake. Ta sake, haka ta yi. Na matsa na ce mata a hankali, "Yaya, sunan yana cikin takarda, Inna ce ta faɗa. Karatu kawai za ki yi." Ta ce, "Inna kakarsa ce. Ni ban iya ba, Malam, kada ka sa ni." Na ja baya.

Ilyas ya ce yana iya yanke wurin ya haɗe baitin, ba wanda zai gane. Yaya ta ce a'a, kada a taɓa, wurin yana da mai shi. Sa'idu ya ɗauki jita. Sannan ya sa abin ji a kunne, ya ce a kunna. Duk inda ta ja sautin nan ya bi ta da tsirkiya ɗaya, a hankali, ba ganga. Sau biyar wurin ya zo, sau biyar ya amsa mata. Da aka kunna mana gaba ɗaya, Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska har aka gama.

Komawa

Litinin ƙarfe shida suka raka ni tasha. Sa'idu yana bayan mota yana ɗaure mini buhun dabino, taku uku tsakaninmu. Yaya ta ɗaga murya fiye da yadda ake bukata ta ce, "In ka je ka faɗa wa mutanen gida, yaron nan ya iya aikinsa. Allah ya yi masa albarka." Sa'idu bai juyo ba. Ya kwance igiyar da ya riga ya ɗaure, ya sake ɗaurewa.

Kwana huɗu na yi a hanya, na iso Damagaram ranar Alhamis bayan la'asar, na tarar da iyali lafiya. Na gode wa abokina na Agadas da Ilyas da direbobin da suka kai ni suka dawo da ni. Allah ya jiƙan Inna, ya ƙara wa Yaya lafiya. Alhamdu lillahi.