Shekarar da Irin Gidanmu Ya Ƙare

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun riga sun ɓace mini, har sunayen wasu da muka zauna benci ɗaya a makaranta. Amma shekarar da irin geron gidanmu ya ƙare, wannan kam ba na jin za ta bar raina sai ranar da aka sa ni a ƙasa.

Lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare a Isa, gidanmu kuwa yana Kamarawa. Ni ne babba, sauran duk ƙanne mata. Baba manomi ne, mai ƙarancin magana da taurin kai, ga ciwon baya da ya fara lanƙwasa shi. Saboda haka ni ke riƙe sungumi ranar shuka, ina sara, ƙannena suna bi suna zuba iri suna takewa da diddige. Gonarmu ta daji mun bar ta saboda 'yan bindiga, ta bayan gari kaɗai ta rage mana.

Abu ɗaya Baba yake tinƙaho da shi a duniya, irin geronsa. Ya ce daga kakansa ya zo. Kowace kaka shi da kansa yake zaɓen zangarniya mafi tsawo da cika, ya ɗaure daban, ya rataye a ƙuryar rumbu. Ko yunwa ta kai ina, Inna ba ta isa ta taɓa ba. Abin da ya tsana kuwa shi ne binne, wato a shuka iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa. In yayyafi aka yi, iri ya tsiro ya ƙone. Baba yakan ce aikin marasa haƙuri ne, kuma ba ya jin kunyar faɗa a gaban masu yi.

A shekarar, jarrabawar fita ta faɗo daidai bakin damina. Za ni koma gidan goggona a Isa har a gama. Ranar tafiya na same shi a zaure yana tufka igiya.

Na ce, "Baba, in anka yi ruwan shuka, za ni baro jarrabawa in taho."

Bai ko ɗago kai ba. "Wa yat tambaye ka? Tahi ka yi abin da yak kai ka."

Na fita raina a ɓace. A ganina na lokacin, karatuna bai dame shi ba. Bai taɓa tambayata me ake koya mana ba, "bokon nan naka" kawai yake cewa, kamar wata akuya da nake kiwo.

Ana cikin jarrabawa aka yi ɗan ruwa, wanda bai fi ya kwantar da ƙura ba. Da na zo gida ƙarshen mako, na bi ta bayan gari, sai na ga gonarmu ta yi kore layi-layi, ta maƙwabta kuwa fayau. Wawa ni, har da murna. Ƙanwata mai bi mini ce ta tare ni a bakin gona.

"Yaya, Baba yay yi binne bayan tahiyakka."

"Baba? Da wane iri?"

"Da namu mana. Duka."

Na hango shi can tsakiyar gona a tsugune. Da na ƙarasa, sai ya tona ƙasa da yatsa ya nuna mini. Danshin bai wuce gaɓa ɗaya ba, ƙarƙashinsa rairayi ne mai zafi. Ya ce, "Ruwan ga bai kai ƙasa ba. In ba a ƙara ba, shi ke nan." Ya kakkaɓe hannu ya tashi da ƙyar.

Ba a ƙara ba. Na koma Isa, kullum idona yana gabas. Hadari zai haɗu, iska ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa, shiru. Ranar kasuwa wani mutumin garinmu ya faɗa wa Goggo cewa yabanyar yayanta ta ƙone ƙurmus. Ban jira komai ba na kama hanya.

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na ce, "Kai da kaka zagin masu binne, mi yas sa? Da ka jira ni!"

Ya dube ni. "In na jira ruwa, kai nika jira. Na san halinka. Kana ganin hadari za ka aje alƙalami ka taho."

"To ga ni na taho, kuma ba ni komawa."

"Za ka koma," in ji shi, a hankali. "Iri ana samunai ga maƙwabci. Jarrabawag ga taka, gidan wa za ni roƙo ta?"

Inna ta juya baya tana share ido da bakin zane. Shi da kansa ya raka ni bakin hanya, bai tafi ba sai da ya ga mai babur ya ja da ni.

Ruwan gaske ya sauka ranar da muke rubuta lissafi. Ƙarar kwanon rufi ta cika ɗakin, ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga, yaran ƙauye duk muka ɗaga kai lokaci ɗaya. Wasu suka miƙa takardunsu da rabin amsa suka fice a guje, malamin da ke tsaronmu yana kira ba su waiwayo ba. Ni na zauna. Hawaye na ɗiga a kan takarda, amma na zauna har aka ce a ajiye alƙalami.

Sai da na gama gaba ɗaya na dawo gida Inna ta ba ni labari. Ta ce ruwa na ɗaukewa Baba ya ɗauki ƙwarya ya shiga gari, gida-gida. Mutumin da ake sallama a ƙofarsa neman iri, shi ne yau a ƙofar mutane. Wannan ya ba shi ƙoƙo, wancan tafin hannu. Waɗanda suka taɓa karɓar nasa ma sun daɗe da gauraya shi da nasu. Wani da ya sha zagi a wurinsa ya ce, "A'a, Malam, ashe kai ma ka shigo sahun marasa haƙuri?" Baba ya ce, "Na shigo," ya miƙa ƙwarya. Daga nan ya ɗauki sungumi da wannan bayan nasa ya sare gonar shi kaɗai. Kwance na same shi, ko juyi ba ya iyawa.

Gonar ta yi, amma ba kyan gani: wani gero dogo, wani gajere, wani ya nuna tun da wuri tsuntsaye suka cinye. Abin da muka samu bai kai mu wata damina ba. Da kaka ta yi, Baba bai je zaɓen zangarniya ba, Inna ce ta ware abin da ta ware. Bai sake ambaton irin kakansa ba, ko da wasa.

Ranar da sakamako ya fito na zo masa da gudu. Ya ce, "Ka ci?" Na ce na ci. Ya ce, "To madalla," ya tambayi Inna ko an ba tumaki ruwa.

Na yi shekaru ina jiran ya ce ya ji daɗina, har Allah ya karɓi abinsa bai faɗa ba. Sai da na girma na haifi nawa na gane cewa ni ne ban iya saurare ba. Abin da shekarar nan ta koya mini ke nan: kada ka auna son da iyaye suke maka da abin da ya fito daga bakinsu. Ka duba abin da suka rasa saboda kai, suka kuma mutu ba su yi maka gorinsa ba.