Yatsan Zulaihatu a Kan Tawada

A ofishin samar da aikin yi na garin Kunci, wata mata tana zaune a bakin benci, hijabinta ya koɗe, kaushi ya tsattsage mata dugadugai. Da alama ita kaɗai ke ciyar da gidanta. Da ma'aikaci ya kira sunanta, Zulaihatu, sai ta miƙe.

"Inna, an samar miki aiki a injin casar shinkafa. Kina dangwala yatsa, tallafin da ake ba ki wata-wata ya tsaya."

"Ɗana, in suka sallame ni fa?"

Sai ya turo mata takardar ɗaukar aiki. Yatsanta yana kan tawada, idonta yana bin ƙofa. Can ta runtse ido, ta yi bisimilla, ta dangwala.